Kafin a rufe inji, a auna bakin ringi

Matashi a Wudil ba ya sayen waya sai ya duba ƙarfin batir da girman ma'ajiyarta. Amma idan injin ban-ruwansa ko babur ɗinsa ya fara hayaƙi, sai ya miƙa wa bakanike kuɗin sabon ringi ya yi gaba, ko tambayar awo ba ya yi. Wannan sakaci yana da tsada.

Ringi zoben ƙarfe ne da ke kewaye fistin, kuma da gangan ake barin 'yar tsaga a bakinsa, domin ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi. In tsagar ta yi ƙanƙanta, bakunan biyu za su haɗe, ringin ya karce silinda ko ya karye, inji ya cije. In ta yi faɗi, ƙarfin inji ya ragu, ya riƙa shan baƙin mai.

Awon aikin 'yan mintoci ne. A sa ringin shi kaɗai cikin silinda, a tura shi da kan fistin ya zauna daidai, sannan a zura fila geji, wato siraran ƙarafan awo, cikin tsagar. A injin Honda GX160, wanda injinan ban-ruwa da yawa suka kwaikwaya, ana son milimita 0.2 zuwa 0.4 a ringi biyu na sama. Wanda ya matse, a goge bakinsa da magagari a hankali. Wajen ɗaurawa, gefen da ke da alama ya kalli sama, kuma kada tsagogin su hau layi ɗaya.

Wasu makanikai kan ce sabon ringi ba ya buƙatar awo, ido ya isa. Ƙwarewarsu abin girmamawa ce, amma babu idon da ke bambance milimita 0.1 da 0.3. Ga silindar da ta sha aiki, ga jabun kaya a kasuwa.

A nan waya za ta yi rana. Littafin gyaran yawancin injina yana intanet, kuma lambar injin kawai ake nema da ita. Garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote bai kamata ana haɗa inji da kirdado a garejinsa ba.

Manomin rani a bakin Kogin Wudil ya san abin da tsayawar inji ke yi wa tumatir. Mai inji yana da haƙƙin a auna a gabansa, tun ba a ɗaure kan silinda ba.