Digiri na Biyu a Rubutun Wasan Kwaikwayo: Ya Cancanci Wahalar?



Kowa ya duba rubuce-rubucen da muke fitarwa zai ga kusan dukkanmu labari muke rubutawa, sai 'yan kaɗan masu waƙa. Wasan kwaikwayo na dandamali kuwa ya zama maraya. Shi ya sa har yau in an tashi kawo misali sai a koma kan Wasan Marafa na Abubakar Tunau na 1949, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Muhammad Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. A baya-bayan nan sai irin Malam Zalimu na Ado Ahmad Gidan Dabino. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da wasu daga cikinmu za su nemi wannan ilimi har matakin digiri na biyu, amma da sharaɗi.

Me ake koyo a can? Abu biyu ne. Na farko shi ne rubutun kansa, wato yadda za ka gina labari da magana da aiki kawai. A littafin labari kana iya cewa Ladi ta ji haushi, ka wuce. A dandamali dole Ladi ta yi wani abu da mai kallo zai gani, ko ta dangwarar da kwanon tuwo, ko ta ƙi amsa sallama. Na biyu shi ne ilimin saƙar wasa. Mai wannan aiki yana tsakanin marubuci da darakta, yana bin diddigin zamanin da labarin ya faru, yana tambayar me wannan fitowa ta ƙara, me ya sa rikicin bai tashi ba sai a tsakiya. A Turai ana danganta farkon wannan sana'a da Lessing, wanda ya riƙe ta a gidan wasan Hambog na Jamus a 1767. Duk wanda ya kalli fim ɗin Hausa mai dogon zango ya ga labari ya ɓace a zango na uku ya san rashin irin wannan mutum ne.

Ba sai an je Ingila ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da wasan kwaikwayo tun 1975 a hannun Michael Etherton, kuma gidan wasanta na Samaru da ƙasa aka gina shi, kamar gidan Bahaushe. Daga can ɗalibai suka riƙa shiga ƙauyuka irin su Soba da Maska suna shirya wasa da manoma kan matsalolinsu, da Hausa. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashen wannan fanni.

Mu masu difilomar kwalejin fasaha, kada mu ɗauka an rufe mana ƙofa. Mai ƙaramar difiloma yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun JAMB. Mai babbar difiloma kuma hanyarsa ita ce PGD, daga nan ya nemi digiri na biyu. Sharuɗɗa sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka a je sashen a tambaya kafin a sayi fom.

Wani zai ce Shu'aibu Maƙarfi da wane digiri ya rubuta nasa? Gaskiya ne, amma yana da makarantarsa: a rediyo aka fara jin wasanninsa, masu sauraro suka auna su kafin su zama littafi. Mu kuwa muna rubutu a waya, babu wanda ya taɓa furta kalmominmu da baki. Wani kuma zai ce da Turanci ake karatun, ga tsadar kuɗin makaranta da na haya. Wannan ma gaskiya ne, kuma haɗarin da na fi tsoro shi ne mutum ya tafi da Hausarsa ya dawo ba ya iya rubuta komai sai takardar taron ƙara wa juna sani. Amma ku tuna Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, waɗanda suka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, aka buga shi a 1975. Ilimin zamani ne ya yi wa Hausa hidima a nan.

Ga sharaɗin nawa. Kada ka nemi gurbi sai ka ga wasanka a tsaye. Rubuta na minti 20, ka kai wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta wata sakandare a Rano ko Kibiya, ka zauna a baya ka lura da inda 'yan kallo suka fara hira da juna. Wurin nan ne rubutunka ya yi rauni. Nan Madachi ma yaran da ke tashe a watan azumi suna da shiga da kwaikwayo da barkwanci, kuma sun san lokacin da ya kamata su tsaya kafin mai gida ya gaji. Wanda ya je jami'a da wasa uku da aka gwada a gaban jama'a, tambayoyi zai je da su, malamai su taya shi warwarewa. Wanda ya je hannu rabbana kuwa takardar shaida kawai zai dawo da ita.

Masu shirin neman gurbi, ku fara da wasan minti 20 ɗin nan kafin fom ya fito. Allah ya yi mana jagora.

Daga Madachi, Ƙaramar Hukumar Rano.