Mata Sun Yi Magana, Wa Ya Ji Haushi?

'Yan'uwa ɗalibai, tun da aka fito da majigin nan mai suna Women Talking, watau Mata Na Magana, a shekarar 1922 ta wasu masu kallo kamar ba ta wuce ba, ga yadda suka karɓe shi. Alhali kuwa a 2022 Sarah Polley, 'yar ƙasar Kanada, ta shirya shi daga littafin da Miriam Toews ta wallafa a 2018. Mun saurari ƙorafin da ake yi a kansa, mun ga bai kamata mu kame baki ba.

Ga asalin maganar. A ƙasar Bolibiya akwai wani ƙauye, Manitoba, na 'yan ɗariƙar Menonayit, Kiristoci masu ƙyamar yaƙi da kayan zamani. Daga 2005 zuwa 2009 mata da 'yan mata fiye da 100 suka riƙa wayar gari cikin jini da ciwon kai, ba su san abin da ya same su ba. Aka ce musu aikin shaiɗan ne, ko kuwa ruɗun mata. Ashe mazan garin ne ke fesa maganin sumar da dabbobi ta taga, su shiga su yi musu fyaɗe. A 2011 kotu ta ɗaure mutum 7 shekara 25 kowanne. Majigin ya ƙaga cewa matan sun taru a rumbun ciyawa, da kwana 2 kacal a hannunsu, don su zaɓi ɗaya: su yi haƙuri, su tsaya su yi faɗa, ko su yi ƙaura.

Masu suka kashi uku ne. Na farko sun ce surutu ya yi yawa, ba a nuna komai ba. Shin me suke so a nuna musu? Polley da gangan ta ƙi haska fyaɗen, domin kada azabar mace ta zama abin kashe kwarkwatar ido. Matan da ba a koya wa karatu da rubutu ba, aka kuma ƙaryata su shekara da shekaru, ranar da suka zauna shawara ai babban abu ya faru. Wanda ya yi hamma a nan, ya tambayi kansa tun yaushe ya saurari ƙanwarsa har ta kai aya.

Na biyu sun ce an ci mutuncin maza. Sun manta cewa matan da kansu suka kira wani malamin makaranta, namiji, ya rubuta abin da aka tattauna, kuma babbar damuwarsu ita ce yadda za su tarbiyyantar da 'ya'yansu maza. Idan an ambaci ɓarawo ka tsargu, to, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Na uku, waɗanda suka fi ba mu takaici, sun ce an tozarta addini. Ina tozarcin? Matan nan da addu'a da waƙoƙin ibada suka yi shawararsu, kuma imaninsu ne ya hana su ɗaukar fansa da kisa. Abin da suka ƙi shi ne yafiyar dole, wadda dattawa suka gindaya musu da barazanar kora da rasa Aljanna. Wanda ya shiga ta taga da dare shi ya tozarta addini, sai wanda ya rufa masa asiri da rigar malanta.

Ku lura da kyau: ruɗu ne, kun ɓata mana suna, ku yi haƙuri. Abin da aka faɗa wa matan Manitoba ke nan, shi ne kuma masu kallo ke maimaitawa daga kan kujerunsu. A zahiri matan ba su yi ƙaura ba, suna nan inda aka cuce su. Kyautar Oscar da Polley ta samu a 2023 ba ta canja wannan ba.

Gobe a cikinmu za a sami alƙalai, da 'yan sanda, da malaman asibiti, da shugabannin makarantu. Wata rana yarinya za ta tsaya gaban teburinmu, muryarta na rawa, danginta na jan hannunta a koma gida a sasanta. A ranar za a san ko cikin wane kashi muke. Allah Ya sa mu zama masu saurare.