Rijiyar Da Kowa Ke Sha, Wa Ke Yasarta?

Duk wata kwamfuta da ke aiki a banki, ko asibiti, ko kamfanin sadarwa, tana da magatakarda a cikinta. Aikinsa rubuta abin da ya faru: wane ne ya shiga, da ƙarfe nawa, daga ina, me ya nema, me ya lalace. Wannan rajistar ita ake buɗewa ranar da kuɗi suka yi ɓatan dabo, ko ranar da na'ura ta tsaya cik. Sauran ranaku kuwa babu mai waiwayar ta, balle manhajar da ke rubuta ta. A nan matsalar take.

Tsarin ya daɗe. A shekarun 1980 Eric Allman ya ƙirƙiro syslog a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, domin manhajarsa ta aika wasiƙu mai suna Sendmail. Daga baya Balázs Scheidler na ƙasar Hangari ya fito da syslog-ng a 1998, sai Rainer Gerhards na Jamus ya fara rsyslog a 2004, wadda Red Hat da Ubuntu suka daɗe suna zuwa da ita. A ɓangaren manhajojin da aka rubuta da harshen Java kuma, Log4j ta gidauniyar Apache ce ta yi fice. Dukansu buɗaɗɗu ne: kowa na iya duba yadda aka gina su, ya ɗauka, ya yi amfani ba tare da biyan ko sisi ba. Masu kula da kowacce kuma ba su da yawa.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A ranar 9 ga Disamba 2021 duniya ta samu labarin wata kafa a cikin Log4j, wadda aka laƙaba wa suna Log4Shell. Wani mai bincike na kamfanin Alibaba, Chen Zhaojun, shi ya fara sanar da Apache a ƙarshen Nuwamba. Yadda abin yake da sauƙi shi ne abin tsoro. Tun 2013 aka ƙara wa manhajar wata dabara: idan ta ga wasu haruffa na musamman a cikin saƙon da za ta rubuta, sai ta bi adireshin da ke ciki ta ɗauko bayani. Ma'ana, magatakardan da aka ce ya rubuta kawai ya koma ɗan aike, kuma ba ya tambayar wa ya aike shi. Mai kutse yana iya rubuta waɗannan haruffa a gurbin suna, ko a saƙon hira cikin wasan Minecraft, sai na'urar ta ɗauko umarninsa daga waje ta zartar. A ma'aunin haɗari mai maki 10, kafar ta cinye duka goman.

Wa ya toshe ta? Wasu 'yan tsirarun mutane masu aikin sa kai, galibinsu da ayyukansu na neman abinci a gefe. Cikin watan Disambar kaɗai sau huɗu suka fitar da gyara, daga siga ta 2.15.0 zuwa 2.17.1. Ɗaya daga cikinsu, Volkan Yazıcı, ya koka a Twitter cewa ba sa barci, ba a biyan su, kuma ana ta yi musu ruwan zagi a kan dabarar da su kansu ba sa so, wadda suka bari don kada su ɓata wa masu tsofaffin tsare-tsare aiki.

Wannan koken nasa ya ƙunshi darasin gaba ɗaya. Kula da manhaja ya wuce ƙara mata sababbin abubuwa. Babban ɓangarensa cirewa ne, da ƙin karɓar abin da bai zama dole ba, da sake karanta abin da aka rubuta shekara takwas baya. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya kawo yabo. Mai haƙa rijiya ana tunawa da shi. Mai shiga ya kwashe laka duk shekara ba a san sunansa ba. Amma rijiyar da ba a yasa, wata rana ruwanta zai cutar da unguwa.

Akwai masu cewa wannan ya nuna buɗaɗɗiyar manhaja ba abin dogaro ba ce, gara a sayi ta kamfani. Ban yarda ba. Manhajojin sayarwa masu ɗimbin yawa da Log4j a cikinsu aka sayar da su, sau da yawa mai sayen bai ma sani ba. Kuma buɗewar ce ta ba kowa damar ganin gyaran da gwada shi, har aka gano gyaran farko bai wadatar ba cikin 'yan kwanaki. Laifin yana wajen masu ɗauka su juya baya. Lasisin Apache ya faɗa ƙarara cewa ana ba da kayan ne yadda suke, babu lamuni. Wanda ya gina kasuwancin biliyoyi a kansu, alhakin duba su a wuyansa yake.

Akwai kuma hujjar masu jan ƙafa wajen sabuntawa: tsarin yana aiki, taɓa shi na iya karya shi. Gaskiya ne sabuntawa na karya abubuwa wani lokaci. Sai dai maganin haka shi ne a riƙa yi a kai a kai, kaɗan-kaɗan, bayan gwaji a wata na'ura ta daban. Wanda ya bari shekaru suka taru, ranar gaggawa zai tarar tsallen ya fi ƙarfinsa. Tun Agusta 2015 Apache ta daina kula da Log4j ta farko, amma a 2021 an tarar da wurare da yawa suna kanta. Kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa don nazarin lamarin ya ce a rahotonsa na Yulin 2022 kafar za ta ci gaba da wanzuwa a wasu na'urori har shekara goma ko fiye. Gyara yana nan. Masu ɗorawa ne babu.

To me ya kamata? Na farko, kowace ma'aikata ta mallaki jerin duk manhajojin da ke cikin tsarinta, har da waɗanda ke ɓoye cikin wasu. A Disambar 2021 wurare da dama sun ɓata kwanaki suna neman amsar tambaya guda: shin muna da ita? Na biyu, a ɗora wa mutum takamaimai alhakin bin sanarwar gyare-gyare, a kuma sa lokacinsa cikin kasafin kuɗi. Na uku, a mayar da wani abu ga masu aikin. Asusun da gwamnatin Jamus ta kafa don tallafa wa irin waɗannan manhajoji ya fara biyan wasu masu kula da Log4j a 2023. Kamfanin da ba shi da kuɗi irin na gwamnati yana iya ba injiniyansa yini guda a wata ya gwada sabuwar siga, ya kai rahoton kuskure, ko ya gyara littafin bayani.

Mai shugabantar ma'aikata ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya sauke wannan nauyi. A taro na gaba ya tambayi sashen kwamfuta abu uku: wace manhaja ke rubuta rajistarmu, yaushe aka sabunta ta, kuma wa ke lura da ita? Idan aka yi shiru, ya samu amsarsa.