Masu Kifi, Ku Sa Safar Hannu Kafin Bango Ya Tsage

Jama'a, duk wanda ya leƙa layin masu kifi a kasuwar Tafo, ko Kejetiya, ko wurin ɗakunan ƙanƙara na Asafo a nan Kumasi, zai ga abu guda. Mace ce tsugune gaban baho tana kamo tarwaɗa mai rai, ko yarinya tana kankare karfasa, ko saurayi yana ɓamɓare kifin ƙanƙara daga kwali, kuma dukkansu da tsurar hannu. Haka abin yake a Yeji inda ake sauke kifin tafkin Bolta, haka a Aflawo da Paga da Bawku inda 'yan uwanmu fatake ke tsallaka iyaka da kaya. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a daina wannan ganganci, a rungumi safar hannu a matsayin kayan aiki kamar wuƙa da baho.

Wata muhawara da ake yi a Turai da Amurka ce ta jawo wannan magana. A can akwai masu ajiye akwatin gilashi cike da ruwan gishiri a cikin ɗaki, suna kiwon kifayen ado da murjani mai rai. Sun daɗe suna gardama a kan ko a sa safa ko a tsoma hannu haka in za a wanke akwatin. Masu son tsurar hannu suna cewa safa tana hana mutum jin abin da ya riƙe. Masu son safa kuwa suna cewa duwatsun ciki suna da kaifi, wani murjanin kuma yana ɗauke da wata guba mai tsanani da masana suka gano a Hawayi a 1971, wadda kan iya shiga jiki ta ƙaramin rauni. To in mai tsoma hannu sau ɗaya a mako don nishaɗi yana wannan tunani, ina ga wadda hannunta ke cikin ruwan kifi tun asuba har magariba?

Kada mai karatu ya ce ai wannan matsalar masu murjani ce. Akwai wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta tarin fuka, wadda aka fara ganowa a 1926 a jikin kifayen da suka mutu a gidan ajiye kifi na birnin Filadelfiya a Amurka. Tana rayuwa a ruwan gishiri, tana rayuwa a ruwan daɗi. In ta shiga yatsa sai ta yi makonni ba ta nuna kanta ba, daga baya ƙurji ya fito, ya ƙi warkewa, wani lokaci ƙuraje su jeru suna hawa damtse. Maganinta kuwa na watanni ne. Likitocin Faransa sun bi diddigin mutum 63 da suka kamu tsakanin 1996 da 1998, suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 daga akwatin kifi suka ɗauko ta.

Ga wadda ta fi kusa da mu. A hunturun 1995 zuwa 1996 an kwantar da mutane a asibitocin Toranto ta Kanada da kumburin hannu da zazzaɓi mai zafi, bincike ya nuna sun ji rauni ne suna gyaran ɗanyen kifi, akasari karfasa. A Isra'ila ma, tsakanin 1996 da 1997, mutum 62 suka kamu da wata muguwar cutar rauni bayan da masu kiwon karfasa suka koma sayar da ita da ranta maimakon a cikin ƙanƙara, ƙayarta ta riƙa soke masu saye da masu sayarwa. Wannan karfasar dai ita ce ake kiwo a keji a tafkin Bolta, ita muke sarrafawa kullum.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar hannu ita ce bangon, kuma sana'ar kifi ba ta barinta lafiya. Ƙayar bayan karfasa tana suka, ta gefen tarwaɗa tana suka, ta ƙurungu ma ba a magana. Wuƙa tana kuskure, ƙanƙara tana tsaga fata, daɗewa cikin ruwa yana sa tsakanin yatsu ya jeme. Mai ciwon suga da mai ciwon hanta su suka fi shiga haɗari, domin kuwa ƙaramin rauni a jikinsu kan iya zama babba cikin kwana biyu, kuma kowa ya san yawan masu waɗannan larurori a zangunanmu, wasu ma ba su san suna da su ba.

Na san abin da iyayenmu mata za su ce, kuma ba duka ne rashin hujja ba. Za su ce tun kakanni ake wannan sana'a da hannu, ba a mutu ba. Hajiya, gaskiya ne mafi yawa sun tsira, amma a kowane layin kifi akwai mai yatsan da ya sandare ko farcen da ya fita, sai a ce karkare ne, ko a ce sammun abokiyar sana'a ne. Ba wanda ya ƙirga su, shi ya sa ake ganin kamar babu su. Bugu da ƙari, kakanninmu sun fi hulɗa da kifin banda da busasshe. Ajiye tarwaɗa da rai cikin baho kwana da kwanaki a ruwa guda, da kifin ƙanƙara na kwali, sun yawaita ne a zamaninmu.

Za su ce safa tana da zafi, tana santsi, kifi na suɓucewa. Wannan gaskiya ne in an sayi wadda ba ta dace ba. Siririyar safar asibiti ba ta tare ƙaya, nan take take yagewa. Wadda ake bukata ita ce ta roba mai kauri, mai kaushi a tafi, mai tsawo har kusa da gwiwar hannu, irin ta ma'aikatan ɗakunan ƙanƙara. Ita ma wani lokaci ƙayar tarwaɗa kan huda ta, amma tana rage zurfin sukar, tana kuma raba tsofaffin raunuka da ƙazamin ruwa, wanda shi ne babban aikinta.

Za su kuma ce mai saye in ya ga safa sai ya zaci an zuba wa kifin magani ne. To, wannan baki ne zai gyara shi. Kwana nawa ne aka fara sa takunkumi a kasuwa a 2020, kowa ya saba? In magajiyar masu kifi ta fara sawa, cikin wata guda sauran za su bi.

Hujja mafi ƙarfi da masu suka ke da ita ita ce ƙazamar safa ta fi tsurar hannu illa, kuma na yarda da su. Wadda ta yanka kifi da safa, ta karɓi sidi da ita, ta ba da canji, ta ɗaga waya, ta miƙa wa yaro burodi, ta yaɗa ƙazanta ne kawai. Haka in ruwa ya shiga cikin safa aka bar hannu yana jiƙe yini guda. Saboda haka sai an bi ƙa'ida: a cire kafin taɓa kuɗi, a wanke ciki da waje da sabulu in an tashi, a juya a shanya, wadda ta huje a jefar. Kowa da tasa, ba aro.

In kuwa tsautsayi ya faɗa ƙaya ta soki mutum, a cire guntun da ake iya gani, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu nan take. Zogin ƙayar tarwaɗa kan lafa in aka tsoma hannu cikin ruwan zafi daidai wanda fata za ta iya jurewa ba ƙuna, na rabin awa ko fiye. Kada a zuba kananzir ko ruwan batir ko toka. Da zarar an ga ja yana yaɗuwa, ko kumburi, ko zazzaɓi, a tafi asibitin gwamnati na Tafo ko Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa a ranar, a kuma gaya wa likita cewa kifi ake sarrafawa, domin wannan bayanin zai iya sauya maganin da zai bayar. A tambayi allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora. Direba ko falken da aka soka a Yeji kada ya ce sai ya kai Sankase tukuna.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayen gida masu jari da su saya wa yaransu safa, musamman 'yan matan da ke kankare kifi da masu ɗaukar kaya, waɗanda in hannu ya kumbura ba su da mai ba su ko na koko. Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa sarowa da yawa don ta yi sauƙi, ga jami'an tsabta na majalisun Kumasi da Tafo kuma su fara da wayar da kai kafin tara. Ɗan kasuwa kan yi asarar kaya ya mayar, amma wanda ya rasa yatsa ya rasa ke nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba da kasuwa, Ya ƙara mana lafiya.