Dawaki Biyu, Karusa Ɗaya

A ƙasar Hausa doki abin hawa ne. Amma a Ingila da sauran ƙasashen Turai, kafin mota ta yawaita, dawaki ne ke jan karusa da keken kaya da garma. A birnin Landan har bas ta ɗaukar mutane dawaki biyu ke janta, sai a 1911 babban kamfanin bas na birnin ya daina aiki da su. Har yau kuwa ba a bar wannan sana'a ba. A 2023, ran bikin naɗin Sarki Charles, dawaki 8 ne suka ja karusarsa mai ruwan zinariya, wadda nauyinta ya kai tan 4. A Amurka kuma akwai manoma da ake kira Amish, waɗanda ke noma da dawaki har yanzu.

To, da wuya mutum ya sami dawaki biyu masu ƙarfi ɗaya da hali ɗaya. Wani ingarma ne mai dogon taku, wani kuwa gajere. Wani mai zafin rai ne, da ya ji an saki linzami sai ya zabura; wani sai ya yi nawa. In aka haɗa irin waɗannan, mai zafin rai ya ɗauke nauyin duka, kafin azahar ya jiƙe da gumi, kafaɗarsa ta yi miki. Ɗan'uwansa kuwa ya koyi lalaci. Karusa ta riƙa karkacewa, wata rana ma ta faɗa rami da mutane a ciki.

Waɗansu sukan ce maganin wannan bulala ce. Sun yi kuskure. In aka tsula wa mai nawa bulala, mai zafin rai ne zai fara jin ƙararta, ya firgita, ya ƙara yin gaba. Waɗansu kuma sukan ce a sayar da ɗaya a nemi wani. Mai hali yana iya yin haka, amma talaka abin da ke turkensa shi ne nasa. Abin da ya fi shi ne a yi musu horo da haƙuri.

Da fari akan hori kowane doki shi kaɗai, har ya san muryar mai shi, ya san kalmar tashi da ta tsayawa. Sa'an nan a ɗaure su kusa da juna a barga, su ci tare, su saba. Bayan wannan a haɗa su a kora su a fili ba kaya, mutum yana bin bayansu da linzami a hannu. In sun iya tashi tare da tsayawa tare, a ɗaura musu gungume su ja, daga baya keke marar kaya. Ɗan lokaci kaɗan kowace rana ya fi wuni guda na wahala. Akan kuma sauya musu gefe, na dama ya koma hagu, don kada ɗaya ya saba da jingina.

Akwai kuma dabara a kayan ɗaurin. Igiyar linzami kowace ta rabu biyu, reshe ɗaya ga bakin kowane doki. Gwani yakan gyara tsawon rassan, ya rage wa mai zafin rai, ya saki wa mai nawa, don in ya ja, mai gaggawa ya fara ji.

In kuwa ƙarfinsu ne ba ɗaya ba, sai lissafi ya yi aiki. A bayan dawakin noma akwai sanda a gicciye, kowane doki yana jan baki ɗaya, ƙusa kuma ta haɗa sandar da garma. A ce tsawonta inci 40 ne. In ƙusa tana tsakiya, kowa ya ɗauki rabin nauyi. In aka gusa da ita inci 2 wajen mai ƙarfi, gefensa ya zama inci 18, na ɗan'uwansa inci 22. Nan take mai ƙarfi ya ɗauki kashi 55 cikin 100, ƙaramin ya ɗauki 45. Da haka sai su jera kafaɗa da kafaɗa, su gaji lokaci ɗaya. Wannan shi ne adalci, watau a aza wa kowa gwargwadon ƙarfinsa.

Manomanmu masu shanun huɗa sun san wannan magana. In saniya ɗaya ta riga 'yar'uwarta a ƙarƙashin karkiya, kunya ba ta miƙewa. Shi ya sa sukan haɗa ɗan bijimi sabon shiga da tsohon sa mai natsuwa, ya koya daga gare shi.

Haka abin yake ga yara a makaranta. In malam ya haɗa biyu su yi aiki, mai saurin ganewa ya jira abokinsa ya nuna masa, shi kuma abokin ya ƙoƙarta, kada ya sakar wa wani nauyinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sannu ba ta hana zuwa.