Ƙwallon Kwando: Wayo Aka Yi a Phoenix Ko Maguɗi?

A ranar 26 ga Disamba, 2017, ƙungiyoyin Phoenix Suns da Memphis Grizzlies na gasar NBA ta Amurka suna kunnen doki, 97 da 97, saura daƙiƙa 0.6 a tashi, sai Dragan Bender ya jefo ƙwallo daga wajen fili zuwa saman kwando, Tyson Chandler ya daka tsalle ya danna ta ciki. Alƙalan wasa suka amince, Suns ta yi nasara da 99 da 97.

Duk wanda ya san dokar NBA zai yi mamaki, domin ta haramta wa ɗan wasa taɓa ƙwallo muddin tana daidai saman bakin kwando. To amma kocin Suns na lokacin, Jay Triano, ya lura da abin da ya shige wa mutane duhu: an kafa haramcin ne don kare ƙwallon da ke da damar zama ci. Wadda aka jefo daga wajen fili kuwa, ko ta faɗa kwando da kanta ba a ƙirga ta, saboda haka babu cin da Chandler ya yi wa katsalandan.

A ganina masu kiran wannan maguɗi ba su yi adalci ba. Alƙali ba ya hukunci da abin da ido ya saba gani, sai da nassin doka da dalilin kafa ta. In akwai abin zargi, to 'yan Memphis ne, domin dokar da ta halatta wa Chandler taɓa ƙwallon, su ma ta halatta musu su doke ta waje.