Harbi da Bindigar Iska: Wasan Masu Kuɗi Ne?

Akwai wata al'ada da ta zauna mana, mu ɗalibai, ta raba wasanni gida biyu tun ba mu taɓa su ba. Mukan ce wannan na talaka ne, wancan kuwa na 'ya'yan masu da shi. Ƙwallon ƙafa da dara da langa da dambe muna sanya su a ɗakin farko, sa'an nan mu tattara ƙwallon dawaki da golf da wasan harbi mu kulle a ɗaki na biyu, mu ce ba ruwanmu da su. A ganinmu an yanke wa harbi da bindigar iska wannan hukunci ba tare da an ɗauki alƙalami an yi lissafi ba, alhali kuwa lissafin ba shi da wuya.

Bari mu fara bayyana abin da muke magana a kansa, gama da yawa daga cikinmu da sun ji an ce bindiga sai zuciyarsu ta tafi ga albarushi da hayaƙi. Ita bindigar iska ba ta cin albarushi ko kaɗan. Iska ce ake matsewa a cikinta, ko dai ta ƙarfin wani sifirin da maharbi ke ɗanawa da hannunsa, ko kuwa a dura ta cikin wani ɗan tulu na ƙarfe da famfo, ita ce ke tura wata 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, wadda nauyinta bai fi rabin giram ba sai da kaɗan. A gasa, maharbi yana tsayawa ne nisan mita 10 daga abin bara, kuma tsakiyar abin baran doguwar bindiga ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, watau kamar aya a ƙarshen jimla. An shigar da wasan doguwar bindigar iska cikin gasar Olamfik a shekara ta 1984 a birnin Los Anjalas, ƙaramar bindiga ta hannu kuwa ta biyo baya a 1988 a birnin Seoul.

To, ga inda lissafin yake. Kowane abin sha'awa yana da kuɗin shiga, yana kuma da kuɗin zama a cikinsa, kuma na biyun nan shi ne ke karya mutum, domin shi ba ya ƙarewa. Ƙwayoyin dalmar nan a gwangwani ake sayar da su, ɗari biyar-biyar. Mu ƙaddara gwangwani mai kyau ya kai Yuro 15 a kantunan Turai. Ke nan kowane harbi ya tashi a kan santi 3. Zagayen share fage na gasar duniya harbi 60 ne cikin sa'a ɗaya da kwata. Ashe mutum zai yi abin da zakarun duniya ke yi, tun daga harbin farko har na ƙarshe, bai kashe Yuro 2 a kan dalma ba. Iskar kuwa kyauta ce daga Allah, sai dai gumin buga famfo. Abin baran takarda ce. Wurin wasan ɗaki ne wanda tsawonsa ya ɗara mita 10 da 'yan taku, ba ya bukatar ban ruwa, ba ya bukatar yankan ciyawa, kuma damina ba ta hana shi aiki.

Yanzu a ajiye wannan kusa da 'yan'uwansa na ɗakin masu kuɗi. Mai harbin faifan yumɓu da bindigar albarushi, duk sa'ad da ya ja kunama ya ƙone harsashi guda, an kuma jefa masa faifai guda wanda ba zai sake moruwa ba, ko ya same shi ko ya kuskure. Abin da zai kashe a zagaye ɗaya na faifai 25 ya isa ya saya wa mai bindigar iska gwangwani sukutum. Mai golf yana bukatar fili mai ramuka 18 wanda dole a riƙa shayar da shi, shi ya sa kuɗin zama ɗan kulob yake da nauyi ko'ina a duniya. Amma sarkinsu duka shi ne ƙwallon dawaki, wanda mu nan ba sai an ba mu labarinsa ba, tun da Katsina da Kano da Kaduna sun daɗe da shahara a kansa, kuma marigayi Sarkin Katsina Usman Nagogo yana cikin gwanayen da aka yi a ƙasar nan. Ana buga wasan ne zango-zango, kowane zango kimanin minti bakwai, kuma saboda tsananin gudu ba a barin doki ɗaya ya yi ta yi har a tashi, sai an riƙa sauyawa. Saboda haka ɗan wasa ɗaya yana bukatar dawaki da dama. Doki kuwa bai san ranar wasa da ranar hutu ba: kullum sai ya ci dawa da dusa da harawa, ya lashi kanwa, a biya mai kula da barga, a kira likitan dabbobi in ya yi ɗingishi. Bindiga in an goge ta an mayar da ita cikin akwati, ba ta sake neman kome har sai an dawo gare ta. Wanda ya haɗa waɗannan biyu a ɗaki guda, lalle bai taɓa sayen damin harawa da rani ba.

Kada a ce mun ɓoye wani abu: ƙofar shiga tana da tsada. Bindigar gasa irin wadda kamfanonin Feinwerkbau da Walther da Anschütz na Jamus ke ƙerawa takan haura Yuro 2,000, ga kuma riga da wando masu tauri da takalma da safar hannu, waɗanda mai doguwar bindiga ke sanyawa don su taimaka masa ya tsaya cik. Wanda ya ce sai ya mallaki dukan waɗannan shi kaɗai kafin ya fara, to, lalle wasan ya zama na masu kuɗi. Misalin da aka fi kawowa shi ne Abhinav Bindra na ƙasar Indiya, wanda ya ci lambar zinariya a Beijin a 2008, ya zama mutumin Indiya na farko da ya ci zinariyar Olamfik shi kaɗai ba cikin ƙungiya ba. Mahaifinsa attajiri ne, har ya gina masa wurin harbi a cikin gida. Wa zai ji wannan bai ce wasan ya fi ƙarfinsa ba?

Sai dai hanyar Bindra ba ita kaɗai ce hanya ba, ba ma ita ce aka fi bi ba. A ƙasar Jamus, inda wasan ya fi kafuwa, ƙungiyar maharba ta ƙasa, wadda aka fara kafawa a 1861, tana da membobi fiye da miliyan ɗaya, warwatse cikin dubban ƙananan kulob na garuruwa da ƙauyuka. Yaro ko yarinya sukan fara ne da bindigar kulob da rigar kulob, su biya ɗan kuɗin shekara, su sayi dalma. Bindiga ɗaya takan bi hannun mutane da yawa cikin mako guda, ta kuma yi shekaru tana aiki. In aka raba kuɗinta bisa yawan waɗanda suka yi harbi da ita da yawan sa'o'in da suka yi, sai a ga abin da ya hau kan kowa bai taka kara ya karya ba. A ƙasar Sin kuwa hukuma ce ke ɗaukar nauyin ta hanyar makarantun wasanni, kuma zinariyar farko da aka ci a gasar Paris ta 2024 wasu matasa biyu ne na Sin suka ci ta da doguwar bindigar iska, Huang Yuting mai shekara 17 da Sheng Lihao mai shekara 19. Bindigar ɗaya ce a ƙasashen uku. Abin da ya bambanta shi ne wanda ya biya kuɗin ƙofa. A gasar ta Paris ɗin dai, duniya ta sha mamakin Yusuf Dikeç na Turkiyya, mutum mai shekara 51, wanda ya ci lambar azurfa da ƙaramar bindiga yana sanye da tabarau irin na kowa, hannu guda cikin aljihu. Bindigarsa dai ta gasa ce mai tsada, amma ya nuna cewa ba dukan tarkacen da ake tallatawa ne wajibi ba.

Mu juyo kan namu abubuwan sha'awa da muke kira masu araha. Ƙwallon ƙafa, in ana nufin bugawa, ba shi da na biyu wajen sauƙi: ƙwallo ɗaya ta ishi mutum 22, kuma ba mu da ja a kan wannan. Amma mu nawa ne ke bugawa? Yawancinmu kallo muke yi, kallon kuwa biya ake yi, mako-mako a gidan kallo, ko kullum ta hanyar sayen data a waya. Ba wanda ke jin zafinsa saboda kaɗan-kaɗan yake fita, kamar tulu mai yoyo. Kowa ya zauna ya tara abin da ya kashe a kan wannan tun daga farkon zangon karatu, sa'an nan ya tambayi kansa me ya rage a hannunsa. Ba ma maganar waɗanda kallon ya ja su zuwa cacar ƙwallo ba, wadda ba ta da kuɗin shiga ko kaɗan, amma ta cinye wa wasu kuɗin rajista. Wasan da ke da arahar ƙofa ba lalle ne ya kasance mai arahar zama ba.

Duk da haka, ba za mu ruɗi kanmu da farashin Turai ba. A Nijeriya lissafin yana sauyawa. Bindigar da dalmar duk daga waje za a kawo su, da kuɗin waje, ga kuɗin fito. Bugu da ƙari, dokar makamai ta 1959 ta sanya bindigar iska cikin jerin bindigogin da ba a mallaka sai da lasin daga 'yan sanda, saɓanin Ingila, inda baligi zai iya sayen mai ƙaramin ƙarfi ba tare da lasin ba, ko da yake Sukotilan ta wajabta takardar izini tun ƙarshen 2016. Kuma ba mu ga laifin dokarmu ba. Bindigar iska tana tsiyaye ido, tana iya kisa, kuma a halin da Arewa ta daɗe a ciki na rashin tsaro, ba mai hankalin da zai so a ga ɗalibi yana ratsa ɗakunan kwana da wani abu mai kama da bindiga a kafaɗa. Ɗalibin da ya ce zai yi wannan wasa shi kaɗai da aljihunsa, muna ba shi shawara ya sayi allon dara.

Abin da ke yiwuwa shi ne irin hanyar Jamusawa: hukuma ta mallaka, ɗalibai su yi amfani. Bindigogi biyu ko uku na masu koyo, waɗanda ba su kai rabin kuɗin na gasa ba, da lasin a hannun jami'a, a kulle cikin ma'aji, ba sa fita daga ɗakin harbi, kuma ba a taɓa su sai gaban mai koyarwa. Wasa ne da mace da namiji ke yi daidai, har tun 2018 aka daidaita yawan harbinsu a gasar duniya. Ba ya neman tsawo ko ƙarfin ƙirji, mai keken guragu ma yana da gasarsa. Abin da yake nema shi ne natsuwa da sarrafa numfashi, kuma ɗalibai da yawa waɗanda ba su taɓa taka filin ƙwallo ba suna da wannan.

Ba muna cewa kwamitin wasanni na ƙungiyarmu ya tashi gobe ya yi odar bindigogi ba. Muna roƙonsa ne da abu mai sauƙi: a taron majalisar ɗalibai mai zuwa ya kawo takarda da ke nuna, ga kowane wasa da ake kashe wa kuɗin wasanni da muke biya, nawa aka kashe wajen sayen kaya, nawa ake kashewa a shekara wajen riƙe shi, da ɗalibai nawa ne, maza da mata, suka yi wasan da kansu. A ƙarƙashin jerin a bar layi guda ga wasannin da ba mu da su tukuna, a nemo farashinsu na gaskiya har da kuɗin fito da na lasin, a sanya harbi da bindigar iska a ciki.